Yadda ake haɗa manhajar Python da kayanta don ɗora wa kwamfutoci da yawa

1. Ka buɗe keɓaɓɓen muhalli da `python -m venv env`, ka kunna shi, sannan ka sauke laburaren (wato shirye-shiryen da wasu suka riga suka rubuta, waɗanda manhaja ke dogaro da su) da manhajar ke buƙata kaɗai.

2. Ka rubuta `pip freeze > requirements.txt` domin a kafe lambar sigar kowane laburare.

3. Ka tattara laburaren wuri guda, a babban fayil mai suna kaya, da `pip download -r requirements.txt -d kaya`. Nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Laburare irin su numpy na ɗauke da sassan da aka riga aka harhaɗa, don haka fayil ɗin Windows ba zai shiga Linux ba. Duba sunan fayil ɗin da kyau: in ka ga cp311, to sai Python 3.11 ce za ta karɓe shi. Shi ya sa ya fi a yi saukewar a kwamfuta irin waɗanda za a ɗora wa.

4. Ka kwafi manhajar, requirements.txt da babban fayil ɗin kaya. Kada ka kwafi env, domin adireshin kwamfutarka na rubuce a cikinsa.

5. A kowace kwamfuta, ka buɗe sabon muhalli, ka kunna shi, ka rubuta `pip install --no-index --find-links=kaya -r requirements.txt`. Ko babu intanet zai shiga.