Kurakuran da ke hana fangas ɗin farcen ƙafa jin maganin gida

Farcen ƙafa ba ya sauri. Abin da yake ƙaruwa a wata wajen milimita ɗaya da rabi ne, kuma kafin sabon farce ya taso daga tushe ya ture tsohon gaba ɗaya, musamman a babban ɗan yatsa, sai an ɗauki wata 12 zuwa 18. Yawancin masu fama da fangas, wato ƙwayar cutar da ke sa farce ya yi rawaya ya yi kauri, da ke cewa "na gwada komai, babu abin da ya yi" ba su san wannan lissafi ba. Mako biyu suna jiƙa ƙafa a ruwan khal, mako uku suna shafa wani mai, daga nan sai tafarnuwa, kowanne a yar da shi tun bai samu damar nuna abin da zai iya ba.

Tushen wannan gajen haƙuri shi ne zaton cewa wurin da ya yi rawaya ya yi kauri zai sake komawa yadda yake. Ba zai koma ba. Farcen da ya riga ya fito ba shi da rai, abin da ya lalace ya lalace, sai dai ya tsiro a yanke shi. Saboda haka kada ka sa wa bakin farcen ido, gindinsa za ka riƙa dubawa, can kusa da fata. Idan magani yana ci, za ka ga wani siririn layi mai tsabta ya ɓullo daga can, yana faɗi wata bayan wata yana tura ɓataccen gaba. Ka ɗauki hoton yatsan da waya sau ɗaya a wata, a haske iri ɗaya, domin ido da ke ganin abu kullum ba ya lura da canjin milimita ɗaya.

Amma kafin a kai nan, akwai tambayar da ba a cika yi ba: shin fangas ne ma? Kusan rabin faratan da suka canza launi ko suka yi kauri ne kawai fangas ya jawo su. Sauran kuwa daga bugun takalmi ne, kamar yadda ake gani a wurin 'yan ƙwallo da masu gudu, ko cutar fata ta soriyasis, ko tsufa, ko tsohon rauni da aka manta da shi. Mai irin wannan farce ko ya shekara yana shafa maganin fangas, aikin banza yake yi. Gwajin ba wani wahala gare shi ba: likita zai kankare ɗan garin da ke ƙarƙashin farcen a duba a na'urar hangen ƙwayoyin cuta. Sannan idan abin da ka gani baƙin layi ne da ya miƙe daga gindin farce zuwa baki, yana ƙara faɗi ko yana malala kan fata, ka ajiye maganar maganin gida baki ɗaya ka je asibiti, don akwai nau'in sankarar fata da ke farawa a haka.

Kuskuren da ya fi cin ƙoƙarin mutane a ɓoye shi ne shafa magani a saman farce mai kauri. Ƙwayar da ta fi haddasa wannan cuta, Trichophyton rubrum, daga fatar ƙafa take shigowa ta ƙarƙashin bakin farce, ta zauna tsakanin farcen da naman da yake kwance a kai. Farcen ya zame mata rufi. Duk abin da ka shafa a sama tamkar zuba ruwa ne a bayan ƙwarya. Gyaran shi ne a rage kaurin tukuna. Ka jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi na minti goma har farcen ya yi laushi, ka yanke shi a miƙe ba tare da ka shiga kusurwa ba, ka cire sashen da ya riga ya ɗago daga nama, sannan ka goge saman da magogin farce har ya yi siriri. Za ka ga wani gari fari ko rawaya yana zubowa daga ƙarƙashi, wani lokaci da ɗan wari. Ka tare shi a takarda ka zubar, domin cike yake da ƙwayar. Idan farcen ya yi taurin da abin yanka ba ya kama shi, man shafawa mai sinadarin yuriya yana tausasa shi cikin 'yan kwanaki. Abin da ba a yi shi ne tono ƙarƙashin farce da tsinke ko reza. Hakan ƙara raba farcen da nama yake yi, ya buɗe wa cutar sabon wuri.

Sai masu ganin cewa in magani bai yi zafi ba, bai yi aiki ba. Su ne ke daka ɗanyar tafarnuwa su ɗaure a yatsa su kwana da ita, da safe su tashi da bororo, domin ɗanyar tafarnuwa tana ƙona fata ƙuna na gaske. Su ne ke tsoma ƙafa a khal ba sirki, wasu har da ruwan bilic na wanki. Fangas ɗin yana can ƙarƙashin rufinsa lafiya lau, fatar gefen farce ce ta sha wuya, kuma fatar da ta tsage ƙofa ce ga bakteriya. In za ka yi amfani da khal, kashi ɗaya a cikin kashi biyu na ruwa ya isa, minti 15 zuwa 20, kuma ka daina da zarar fata ta fara ja ko raɗaɗi. Bilic kuwa ba shi da hurumi a jikin mutum.

Ya kamata a faɗi gaskiya game da ƙarfin waɗannan magunguna, don masu tallarsu a intanet ba sa faɗa. Khal da bekin soda ba su da wani ƙwaƙƙwaran bincike a kan mutane da ya nuna suna warkar da farce. Ga biyu daga cikin waɗanda aka ɗan gwada. A 1994 an kwatanta man tea tree, wanda ake tatsa daga ganyen wata bishiya, da clotrimazole, maganin fangas na shafawa, a kan mutum 117 da suka shafa sau biyu a rana har wata shida. Wajen kashi 60 cikin 100 a kowane ɓangare sun ga farcen ya yi kyau, amma waɗanda gwaji ya nuna ƙwayar ta mutu kashi 18 ne kacal a ɓangaren man tea tree. A 2011 kuma an gwada Vicks VapoRub a Amurka a kan mutum 18 na tsawon mako 48: biyar suka warke sarai, goma suka samu sauƙi, uku ba su ga canji ba. Mutum 18 ba su da yawa, kuma ba a kwatanta su da waɗanda ba su shafa komai ba. A ganina abin da za a ɗauka a nan shi ne, maganin gida yana da ɗan tasiri idan cutar tana bakin farce ɗaya ko biyu, kuma ko waɗanda suka dace sai da suka kusa shekara suna shafawa kullum. Man tea tree yana sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, don haka a fara gwada ɗigo ɗaya a fatar hannu, kuma guba ne idan aka sha.

Akwai kuma masu kula da farce su manta da ƙafar. Tsakanin yatsu ya yi fari yana saɓulewa, tafin ƙafa yana ɓarewa yana ƙaiƙayi, amma hankali na kan farce kawai. Ai daga nan cutar ta hau, kuma daga nan za ta sake hawa. Ita ta fata tana jin man fangas na kantin magani cikin 'yan makonni, sai a haɗa su a yi tare. Mai jiƙa ƙafa kullum kuma ya zura safa da danshi a tsakanin yatsu, da hannunsa yake kiwon abin da yake son kashewa. A tsane ƙafa sosai, a canza safa kullum, a wanke su da ruwan zafi da ya kai digiri 60, a bar takalmi ya sha iska kwana guda kafin a sake sa shi. Abin yankan da ya taɓa farce mai cuta a goge shi da sifirit kafin ya taɓa lafiyayye, kuma kada a yi aronsa. Jan farce da farcen roba suna ɓoye munin, amma suna tare magani, suna kuma hana ka ganin ko abin gaba yake yi ko baya.

Mai ciwon suga, da wanda jini ba ya gudana sosai a ƙafarsa, da mai raunin garkuwar jiki, duk wannan bayani na jiƙa ƙafa da goge farce ba nasu ba ne. Ƙafar mai suga kan rasa ji, ƙaramin yanka ko ƙuna da bai ma san ya samu ba yana iya zama gyambo. Shi likita ne zai duba masa tun daga farko.

Ga sauran mutane ma akwai iyaka. Idan cutar ta ci fiye da rabin farce, ko ta kai gindi, ko ta kama yatsu da yawa, ko an yi wata shida ana shafawa ba a ga sabon layi mai tsabta ba, to abin shafawa ba zai kai inda take ba. A nan ƙwayar sha ce ke aiki, domin ta cikin jini take isa tushen farce. Wadda aka fi bayarwa ita ce terbinafine, miligiram 250 kullum na mako 12, kuma tana kashe fangas ɗin a wajen mutum bakwai cikin goma. Ba maganin da mutum zai saya wa kansa ba ne, don tana iya taɓa hanta, kuma ba ta jituwa da wasu magunguna, shi ya sa likita kan nemi gwajin jini ya kuma tambayi abin da kake sha. Ko bayan an gama shan ta farcen zai ci gaba da zama da muninsa na wasu watanni, sai sabon ya gama tsirowa, kuma a wannan tsakani ana ci gaba da yanka da tsane ƙafa da canza safa kamar da.