Kafin a ce "babu rezo": kurakuran haɗa kwamfutoci a shago da ofis

A shagunan buga takardu na Garwa da Marwa, da zarar firinta ta yi shiru ko shafi ya ƙi buɗuwa, sai a ce babu rezo, a ɗora wa kamfanin waya laifi, a zauna jira. Sau da yawa kuwa matsalar tana cikin ɗakin. Na'urori ba sa jin maganar juna sai sun bi ƙa'ida guda, wato TCP/IP, wadda Vint Cerf da Bob Kahn suka bayyana tsarinta a 1974, aka ɗora ARPANET, kakar intanet ta yau, a kanta ranar 1 ga Janairun 1983. Ita ke tsara yadda za a gutsuttsura saƙo, a sa wa kowane gutsure adireshi, a sake aiko wanda ya ɓace a hanya.

A wajen adireshin nan aka fi tafka kuskure. Rauta, akwatin nan mai haɗa na'urori da intanet, ita ce ke raba wa kowace na'ura lambar adireshinta ta hanyar wani tsarin rabo da ake kira DHCP. Sai mai shago ya ƙaro rauta ta biyu don Wi-Fi ya kai ɗakin baya, ya jona ta yadda ta zo daga kwali. Yanzu masu rabo sun zama biyu, kamar masu unguwa biyu suna sa wa gidajen layi ɗaya lamba. Wata kwamfutar ta karɓa daga nan, wata daga can, kowa ya ɓace wa kowa. A kashe DHCP na ta biyun, a sa kebul ɗin da ya fito daga ta farko a ramin da aka rubuta wa LAN, ba WAN ba.

Firinta ma haka take wahalar da mutane. An ɗaure mata 192.168.0.50 tun zamanin tsohuwar rauta, sabuwar kuma tana raba 192.168.1 da wani abu. Suna kan tebur ɗaya, amma a lissafin ƙa'ida ba gida ɗaya suke ba. A ba ta lamba irin ta sabon tsarin, wadda ba ta cikin waɗanda rauta ke rabawa. In kuma ka ga adireshin kwamfuta ya fara da 169.254, ita ta ba kanta don ba ta sami mai ba ta ba. Duba kebul da rauta, kada ka ƙona kuɗi wajen sake sayen data.

Wani lokacin hanya lafiya lau take, DNS ne ya kwanta, wato mai juya suna irin google.com zuwa lamba. Buɗe tagar ba da umarni ta kwamfuta (Command Prompt), ka rubuta ping 8.8.8.8. In ya amsa alhali shafuka ba sa buɗuwa, sa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare a gurbin DNS.

Agogo kuwa ba a cika zarginsa ba. HTTPS, tsarin tsaron shafukan intanet, yana duba ranar da ke jikin takardar shaidar shafi. Tsohuwar kwamfutar da batirin cikinta mai riƙe agogo, CR2032, ya mutu, duk ɗauke wuta sai kwanan watanta ya koma shekarun baya, burauza ta yi ta gargaɗi. Abin haushi, wasu har sake Windows suke yi a kan batiri mai faɗin kwabo.

Kebul ɗin Ethernet, wanda ke haɗa kwamfuta da rauta, iyakarsa mita 100. Silili takwas na cikinsa kuma ba yadda aka ga dama ake jera su ba. Yaran shago kan ce ai in bakin nan ya yi daidai da wancan shi ke nan. Fitila za ta kama, gaskiya ne, amma sililin rami na 3 da na 6 dole su zama abokan murɗi ɗaya, in ba haka ba saƙo ya riƙa lalacewa in kebul ya yi tsawo. A bi tsarin jera launukan silili da ake kira T568B a baki biyun.

Mutanen Kusuri na da tasu ta daban. Kogi kawai ya raba su da Injamena, don haka wayar da aka bari tana zaɓen layi da kanta kan iya kama Airtel ko Moov na Chadi. A shiga saiti a zaɓi MTN ko Orange da hannu, a kashe yawon data na ƙetare.