Yadda Ake Raba Ɗakin Girki da Kiyashi Tun Daga Gidansu

Kiyashin da ke jerin gwano zuwa gwangwanin sukari ma'aikata ne, dukkansu mata marasa haihuwa, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke fitowa kiwo. Sauran suna can cikin tsagar bango ko ƙarƙashin daɓe, tare da ƙwai da tsutsotsi da sarauniyar da ke nasa ƙwan. Shi ya sa fesa fiya-fiya ba ya raba gida da su: a kashe ɗari yau, jibi wasu su fito. Jajayen nan ƙanana ma sarauniyoyi da yawa gare su a gida ɗaya. In feshi ya dame su sai su rarrabu, kowane rukuni ya kwashi tsutsotsi ya kafa sabon gida, ɗaya ya zama uku.

Dabarar ita ce a bar su su kai maganin gida da kansu. Kiyashi ba ta haɗiyar abu mai tauri. Ruwa take tsotsa ta tara a wata 'yar jaka a cikinta, in ta koma ta ɗura wa 'yan'uwanta baki da baki har ya isa ga sarauniya.

Da farko a gwada abin da suke so. A ajiye ɗigon zuma da ɗan garin ƙuli-ƙuli kusa da hanyarsu, a dawo bayan awa ɗaya. Lokacin da tsutsotsi suka yi yawa a gidansu sukan fi yi wa mai maiƙo rubdugu.

In zaƙi suka zaɓa, ga haɗin: rabin ledar fiya wata, wato mililita 250, a ɗumama shi, sukari babban cokali 5, garin borik asid, wanda ake samu a kyamis ko wurin masu sayar da sinadarai, rabin ƙaramin cokali a shafe, kimanin giram biyu da rabi. A juya har ya narke sarai. Wannan ya ba da kusan kashi 1 cikin 100. In ƙuli-ƙuli suka bi, a kwaɓa garinsa da wannan ruwan ya yi laushi kamar tunkuza.

A nan ne mutane suka fi kuskure: ganin maganin ya yi kaɗan sai a ƙara. In ya yi ƙarfi, ma'aikatan kan mutu a hanya kafin su isa gida, ko su ƙi shi gaba ɗaya. So ake ya ɗauki kwanaki kafin ya kashe.

A jiƙa auduga da ruwan, a sa a ƙaramar roba mai murfi, a huda gefenta da ƙusa wuri uku ko huɗu, a ajiye daidai inda suke fitowa. A rubuta "guba" a jikinta, a sa ta inda yara da kaji da kyanwa ba za su kai ba. Kwanakin farko za su taru baƙi ƙirin ko ja wur a kan audugar. Kada a taɓa su, kada a goge hanyar, domin wani ƙamshi suke shafawa a ƙasa wanda na baya ke bi. A dai rufe sauran abinci, a wanke kwanuka kafin a kwanta.

A sauya audugar duk bayan kwana biyu ko uku, da hunturu ma kullum, don in ruwan ya ƙafe maganin ya ƙara ƙarfi ke nan. Daga ƙwai zuwa cikakkiyar kiyashi kusan mako shida ne, saboda haka a ci gaba ko da an ga sun ragu. Sai an yi mako guda ba a ga ko ɗaya ba za a wanke hanyar da ruwan sabulu, a toshe tsagar da siminti.

Haɗin ba ya aiki a kan gara, wadda dangin kyankyaso ce, itace take ci. Kwarkwasa kuwa mafarauta ne masu wucewa, a ba su hanya kawai, in sun gama za su tafi.