Sabon zuwa Ingila, a wajen shan kwana ake gane ka

Duk wanda ya zo ƙasar nan daga gida abu na farko da ake gaya masa shi ne a hagu ake tuƙi, sitiyari kuma yana dama. To wannan kowa ya sani, kuma in dai miƙewa za ka yi a titi ba ka da matsala don kana bin bayan wasu ne kamar rago a garke. Inda ake jin jiki shi ne wajen kwana, musamman da sassafe ko cikin dare in titi ba kowa, ka fito daga ɗan layi ka karya kwana kawai sai hannunka ya kai ka inda ya saba. Ni kaina a watana na biyu a birnin Lids na taɓa fitowa daga gidan mai na shige hannun da ba nawa ba, Allah ne ya sa mai bas ɗin da ke tahowa yana nesa, ya watso min fitila. Wallahi har na isa gida ƙafata rawa take. Abin dariya ma Najeriya da a hagu ake tuƙi, sai a 1972 aka koma dama, dattawanmu sun san zancen.

A nan kwanar dama ita ce mai wuya, don ita ke ratsa hannun masu tahowa. Tun daga nesa ka duba madubi, ka sa sigina, sannan ka matso daf da farin layin tsakiyar titi amma kar ka taka shi, yadda na bayanka za su samu wuri su wuce ta hagunka. In ka tsaya jiran hanya bar tayoyinka a miƙe, kar ka murɗa sitiyari tun kana tsaye, don in wani ya daki bayanka motar za ta tafi inda tayoyi suka kalla, wato bakin masu tahowa ke nan. Sannan ba a yanke kwana irin yadda 'yan adaidaita ke yi a Kano, sai gaban motarka ya kai saitin tsakiyar titin da za ka shiga kafin ka karya. Ka karya da wuri, ka faɗa hannun wanda ke shirin fitowa. In titin wanwe ne, wato mai hannu ɗaya, kuma za ka yi dama, to ka koma can layin dama gaba ɗaya tun da wuri, wannan na kayar da mutane sosai a gwajin tuƙi.

Kwanar hagu da sauƙi amma akwai 'yan keke. Suna bi ta gefenka na hagu shiru ba hon ba komai, don haka madubin hagu dole ne kafin ka juya, kuma kar ka wuce mai keke sannan nan take ka karya a gabansa. Kar ka buɗe zuwa dama wai don ka samu fili, ƙaramar mota ba ta buƙatar haka. Tirela da bas su ne ke buɗewa, in ka ga babbar mota ta sa siginar hagu amma ta karkata dama, kar ka ce ga hanya ta samu ka cusa kai, kwana take shirin sha kuma bayanta zai rufe wurin da kai a ciki.

Wani abu da har wasu tsofaffin zama ba su gama sabawa da shi ba, tun Janairun 2022 aka gyara ƙa'idar titi, in za ka shiga wani layi kuma ga mai tafiya a ƙasa yana tsallakawa ko ma yana tsaye yana jiran tsallakawa, kai ne za ka dakata masa. Ba wai alfarma kake yi ba.

Sai akwatin nan mai ruwan ɗorawa da ake zanawa a mahaɗa. Ba a shiga sai in ka ga inda za ka fita a buɗe yake, sai dai in dama za ka yi kuma masu tahowa ne kaɗai suka tare ka, to nan za ka iya jira a ciki. A Landan kyamara ke kallo, ba wanda za ka ba haƙuri ko ka ce masa yallaɓai, takardar tara kawai za ka gani a gida.

Shataletale kuma ta hagu ake shiga, mai zuwa daga damanka shi ke da hanya. Za ka yi hagu, layin hagu da siginar hagu. Za ka zagaya zuwa dama, layin dama da siginar dama, in ka wuce mafitar da ke kafin taka sai ka koma siginar hagu ka fita. In akwai kibiya a ƙasa ita za ka bi.

Lasin ɗin Najeriya wata 12 kawai zai yi maka daga lokacin da ka fara zama, kuma ba a musanya shi, sai ka nemi na koyo ka ci jarrabawar ƙa'idoji sannan ta tuƙi. Ko shekara 20 ka yi kana bin hanyar Kaduna zuwa Abuja, ka daure ka biya malamin tuƙi ko na 'yan awanni ne, ka ce masa mahaɗa da shataletale kake so ku yi ta maimaitawa. Kuma in ka yi gwajin da mota otomatik, lasin ɗin da za a ba ka bai yarda ka tuƙa mai giya ba, ka yi tunani kafin ka zaɓa.