Kafin ki kai yaro wurin likita

Iyaye mata, layin asibiti dogo ne, likita kuma minti kaɗan zai ba ki, balle idan daga ƙauye aka tura ku Hasiya Bayero a Kano ko Rasheed Shekoni a Dutse. Ki haɗa bayaninki tun daga gida.

Yaushe zazzaɓin ya fara? In kwanan wata ya shige miki, ki kama da ranar kasuwa ko Juma'a. Gudawa da amai sau nawa, akwai jini? Yana kama nono? Yaushe rabonsa da fitsari? Ki sa ɗan makaranta ya rubuta miki.

Katin rigakafi, tsofaffin takardun gwaji da kwalaben maganin kemis, ko sun ƙare, ki zuba a leda ɗaya. Jiƙon da kakarsa ta ɗura masa kuwa, don Allah kada ki ɓoye. Likita na buƙatar sani kafin ya rubuta wani maganin, domin wasu ba sa haɗuwa. In akwai sikila a dangi, ki faɗa. Wadda ta kwana da yaron ita ya kamata ta yi bayani.

Amma in yana taune-taune, ko ya kasa shan komai, a bar rubutu, a nemi mai babur nan take.