Ɗaukar Hoto a Ƙarƙashin Ruwa da Ƙaramar Kyamara

Duk wanda ya nuna mini hotunan da ya ɗauka a cikin ruwa yana ƙorafi, kusan abu ɗaya nake gani: shuɗi ya mamaye ko'ina, kifin ya zama ɗan ɗigo can a tsakiya. Sai ya ce ai kyamarar ce ƙarama. Ni kuwa ban cika ganin laifinta ba. Ruwan da ke tsakaninsa da kifin ne ya yi yawa.

Ruwa na shanye launuka ɗaya bayan ɗaya. Ja ne ke fara tafiya, kafin ka kai zurfin mita 5 ya kusa ƙarewa, ruwan lemo da rawaya su bi sahu, a bar ka da shuɗi. Kuma ba zurfi kaɗai ake lissafawa ba, har da tafiyar da hasken zai yi daga jikin kifin zuwa idon kyamara. Don haka matsa kusa. In ka ga kamar ka matso, ƙara matsawa, domin ta bayan gilashin da mai nutso ke sawa a fuska komai yana bayyana kusa fiye da yadda yake, girmansa ma ya ƙaru da kamar kashi ɗaya cikin uku. Ni ba na son abin da zan ɗauka ya wuce tsawon hannuna. Maɓallin zuƙowa kuwa ka manta da shi, hoton yake jawowa, ba ya rage ruwan.

A nan ne ƙaramar kyamara ke yin rawar gani. Danna alamar furen nan ta ɗaukar abu daga kusa-kusa, ka nemi ƙananan halittu: ƙaguwa a bakin raminta, ko ɗan kifin da ke leƙowa daga cikin murjani. Irin Olympus Tough TG-6 tana kama abu tun daga nisan santimita ɗaya, tana kuma jure zurfin mita 15 ba tare da an sa ta a gidan kyamara mai hana ruwa shiga ba. Idon halittar za ka saita ya fito tar, sauran jikin ko ya ɗan dushe ba komai. Amma kada ka taɓa murjani don neman madafa.

Filashi na dawo da jan da ya ɓace, sai dai ƙarfinsa ba ya wuce kamar mita ɗaya. Ga wata matsala: yana manne da idon kyamara, saboda haka duk ɗan ƙurar da ke yawo a ruwa sai ta haska ta dawo, hoton ya cika da fararen ɗigo-ɗigo kamar an watsa gari. In ruwan ya gurɓace ko abin yana nesa, kashe shi. Shiga wurin da aka rubuta WB, wato wurin daidaita farin launi, ka nuna wa kyamarar farin abu, ko da yashin ƙasa ne, ta gyara launi. Da ka canza zurfi sai ka sake. In tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, kunna, gyaran launi daga baya zai yi maka sauƙi ƙwarai.

Kada ka ɗauka daga sama, bayan kifi kawai za ka samu, ya saje da ƙasa. Sauka daidai da shi ko ƙasa kaɗan, ka ɗago kyamarar. Tsakar rana ta fi, lokacin da haske ke ratsowa sosai. Saurin ɗauka kada ya gaza 1/125 na daƙiƙa, kuma kar ka bi kifi da gudu, ba za ka kama shi ba. Tsaya cik, sau da yawa shi zai dawo ya duba ka. Mai nutso da tukunyar iska kuma kada ya riƙe numfashi wai don hoto ya tsaya, lafiyar huhunsa ake magana.

Kafin shiga, ina cire zoben robar murfin gidan kyamarar, in duba shi a haske. Silin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi ta isa ta shigo da ruwa. Shafa masa man silikon kaɗan, ya yi sheƙi kawai. Sa ɗan ƙunshin nan mai shanye danshi a cikin gidan, kuma kada ka bar gidan a rana, in ba haka ba gilashin zai yi hazo da zarar ya ji sanyin ruwa. Bayan ka fito daga teku, jiƙa gidan a ruwan daɗi kana daddanna maɓallan don gishiri ya fita, ka bari ya bushe kafin ka buɗe.