Kurakuran da ke kashe ɗan wasan harbi tun bai kai ko'ina ba

Duk yaron da ya zo neman shiga ƙungiyarmu ta wasan harbi na waya, abin da yake fara nuna min shi ne yawan mutanen da ya harbe a PUBG Mobile ko Call of Duty Mobile. Ya ji labarin Bugha, wanda ya ci dala miliyan 3 a gasar duniya ta Fortnite a 2019 yana ɗan shekara 16, sai ya ɗauka saurin hannu kaɗai ke kai mutum can. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya ga kowane sabon zuwa, don haka ga ta a rubuce.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne magudi, da ƙaninsa, ba da aron akawun. Wani yaro a ƙungiyarmu ya taɓa ba abokinsa akawun don ya ɗaga masa matsayi. Abokin ya loda manhajar da ke nuna abokin gaba ta bayan bango, ya buga son ransa, ya dawo da shi. Muna tsakiyar gasa, dab da zagayen ƙarshe, aka rufe akawun ɗin, masu shirya gasar suka sallame mu gaba ɗaya. Atisayen watanni, kuɗin data, kuɗin mota, duk suka bi ruwa, kuma aka daɗe ko wasan gwaji ba a kiran mu. Wake ɗaya ya ɓata gari. Yaron yana kuka yana rantsuwa bai san komai ba, na kuma yarda da shi, amma kamfani akawun yake hukuntawa, ba ruwansa da wanda ke riƙe da waya.

Kada ka ce ai kai mai wayo ne, ba za a kama ka ba. A 2018, a birnin Shanghai, an kama ɗan wasan da ake kira forsaken na ƙungiyar OpTic India a tsakiyar wasan Counter-Strike da manhajar magudi da ya ɓoye da sunan word.exe. Aka dakatar da shi shekara 5, aka rushe ƙungiyar, abokan wasansa suka rasa aiki. 'Yan ƙungiyar iBUYPOWER kuwa da gangan suka faɗi wani wasa a 2014 saboda caca, Valve, kamfanin da ya mallaki Counter-Strike, ya haramta musu gasanninsa a Janairun 2015. Cikinsu har da swag, ɗan shekara 18 da ake ganin babu kamarsa a Amurka, manyan gasanni suka riƙa wucewa yana kallo daga gefe. Dokata yanzu ita ce ko ɗan'uwanka uwa ɗaya uba ɗaya ba ya taɓa akawun ɗinka, kuma kafin kowace gasa sai na duba wayar kowa. Wanda ya ga an ci masa fuska, ga hanya nan.

Sai son kai. Haba samari! Ku huɗu aka sauke, kai ka ruga kai kaɗai don adadinka ya hau, aka kwantar da kai, sannan ka cika mana kunne da ihun a zo a tashe ka. Wannan ba jarumta ba ce. Ku dubi karrigan ɗan Denmak: ba shi ya fi kowa harbi a ƙungiyar FaZe ba, amma shi ya jagorance su suka ci babbar gasar Counter-Strike ta birnin Antwerp a 2022 yana da shekara 32, shekarun da ake cewa hannu ya fara sanyi. Kansa da bakinsa ne suka riƙe shi a sana'ar. Ka koyi magana gajera mai amfani. "Suna can" ba bayani ba ne. Ka ce "biyu, bayan jan gida, ta arewa, ɗaya ya ji rauni", ka yi shiru. Mu wasan da muka faɗi muke sake kallo, ba wanda muka ci ba, kuma kowa kuskuren kansa zai fara faɗa kafin ya nuna wani.

Sauran ba sa buƙatar doguwar magana. Ka daina canza saitin juyawa duk sanda aka doke ka, ka bar yatsunka su saba da guda. Ka tsaya a wasa ɗaya, ba yau Free Fire gobe wani ba. Kuɗin da za ka zuba a kwalliyar bindiga, sayi abin sauraro mai kyau da data.

Jiki ma yana da haƙƙi. Ciwon hannu ya zaunar da olofmeister a 2016 yana cikin tashensa, gla1ve da Xyp9x na ƙungiyar Astralis kuma gajiya ta sa suka ɗauki hutu a 2020. Ni ba na yarda a yi atisaye bayan sha biyun dare, wasu na ganin na cika tsauri, su suka sani.

Idan wata ƙungiya ta neme ka, kada ka buga mata kan alkawarin baki. A rubuta albashi, da kason kuɗin gasa, da yadda za ka fita in ka so, sannan ka kai wa wani babba a gidanku ya karanta kafin ka sa hannu. Makaranta ko sana'arka kuma ka riƙe ta har ranar da wannan takarda ta fara biyan ka duk wata.